Share Shi Kawai

Motar ta ci birki a bakin kasuwa, saura kaɗan wayar ta suɓuce daga hannun Auta. Ta damƙe ta, ta ƙara kusanto da ita fuskarta don ta tabbatar ba idonta ne ke mata gizo ba.

Shafin mahaifiyarta ne a manhajar asibiti. Suna daidai, shekaru daidai, ciwon suga, gyambo a ƙafar hagu, ɗakin mata. Can ƙasa, a gurbin da aka rubuta "Maganin da jiki ba ya so", kalma ɗaya ce zaune: Babu.

Ita da kanta ta tsaya a kan nas ɗin ranar da aka kwantar da Inna, sai da ta ga an rubuta fenisilin a gurbin nan sannan ta matsa. Tana 'yar firamare aka taɓa yi wa Inna allurarsa, kuma har yau ba ta manta yadda leɓunanta suka kumbura ba, da ƙarar da numfashinta ke yi kamar ana busa bakin kwalba.

"Baiwar Allah, ɗan muskuta mana, ko ke kika sayi kujerar?" in ji wata mata da ta shigo da kwandon tumatir.

Auta ta matsa har kafaɗarta ta manne da gilashi, ta ba da haƙuri a hankali yadda matar ma ba ta ji ba, sannan ta kira yayarta, wadda ke jinyar Inna a asibitin.

"Yaya, kina kusa da Inna?"

"Ina zan je? Ga ta nan muna rigima a kan shayi, wai sai na sa mata suga."

"An yi mata allura yau?"

"Likita bai zagayo ba tukuna. Lafiya na ji muryarki haka?"

"Idan ya zo ki gaya masa da bakinki, ban da fenisilin. Ki gaya wa nas ma. Kada ki bari su tsaya ga abin da ke kwamfuta."

Yaya ta yi dariya. "Ikon Allah. Ke da kika ɗauko mu daga tsohon asibitinmu, wai nan ne ake aiki da manhajar kamfaninku wadda ba ta mantuwa?"

"Don Allah, Yaya."

"To, na ji, uwar 'yan boko. Zan faɗa."

Daga can nesa ta jiyo muryar Inna: "Autata ce? Ce mata ta karya kafin ta je ta zauna gaban akwatin nan nata."

Tana ajiye wayar ta shiga da lambarta ta ma'aikata, ta buɗe shafin wani majiyyaci. Babu. Ta buɗe na wata, a wani asibitin daban. Babu. Ta yi ta buɗewa, maza da mata, yara da tsofaffi, duk an wayi gari jikin kowa yana son kowane magani. Sai da kwandasta ya buga jikin mota ya ce, "Hajiya, ba nan kike sauka ba kullum?" sannan ta lura an iso.

Kamfanin nasu yana hawa na biyu, a saman wani shagon tayil. Aikinsu ɗaya ne, manhajar da asibitoci ke ajiye bayanan majiyyata, kuma asibitoci da dama, manya da ƙanana, sun jingine takarda sun koma kanta. Lokacin da Auta ta fara aiki, ɗakin cike yake da masu rubuta manhaja, ana musu, ana satar caja, ana faɗa a kan fanka. Daga baya mai kamfanin, wanda kowa ke kira Yallaɓai, ya dawo daga wani taro da ƙirƙirarriyar basira mai rubuta manhaja da kanta, ta gwada, ta kuma tura wa asibitoci ba tare da an taɓa madannai ba. Abin da ya fi burge Yallaɓai shi ne injin yana jin Hausa. Ana yi masa magana kamar yadda ake yi wa mutum, ya amsa da ladabi. Saboda yawan amsawar nan tasa ne aka laƙaba masa suna Na'am.

Tebura suka riƙa zama kango ɗaya bayan ɗaya. Da aka gama sallama, mutum biyu suka rage a sashen, Auta da Dogo, sai Na'am na uku. Yallaɓai ya naɗa ta shugabar sashe, ya ce ya zaɓe ta ne don ba ta da hayaniya. Ta yi godiya kanta a ƙasa, amma ta san fassarar maganar: ba ta musu.

Tana hawa matattakala abin ya faɗo mata, sai da ta dafa bango.

Jiya ne, dab da tashi. Ana ta shirin baƙin da za su zo yau, masu zuba jari da Yallaɓai ya daɗe yana farauta. Tana cusa kwamfutarta a jaka, Yaya na kira a waya, Yallaɓai na tsaye a ƙofa yana tambaya ko a sauya launin tambarin kamfani. A cikin wannan hargitsi Na'am ya yi magana ta abin sauraren da ke kunnenta. Ya ce akwai wani gurbi a rumbun bayanai da rubutunsa ba shi da tsari, wasu sun rubuta da Hausa, wasu da Turanci, wasu sun gutsure kalmomi, kuma yana kawo cikas ga sabon rahoton da za a nuna wa baƙi. Me za a yi da shi?

Ita kuwa ta ba shi amsar da take ba Yaya idan maƙwabciya ta yada mata magana, amsar da Inna ke ba su tun suna yara idan wani ya tsokane su a hanya. Ta ce, "Share shi kawai."

Nufinta ya ƙyale shi, ya yi kamar bai gani ba.

"Na'am. An gama," ya ce.

Ta tarar da Dogo ya miƙe ƙafafunsa a kan kujerar wani da aka sallama, yana cin biskit. Dogo ya girme ta, ya kuma riga ta zuwa kamfanin, amma bai taɓa nuna ya ji haushin naɗin nata ba, sai dai tsokana.

"Shugaba ta iso, jama'a a miƙe," ya ce, yana duban teburan da ba kowa. "Yau kin ga Yallaɓai? Ya sa kwat har da turare. Tun daga ƙasa za ki ji."

Ta zauna, ta kunna lasifika don Dogo ya ji.

"Na'am."

"Na'am, Shugaba. Barka da asuba."

"Gurbin da ka tambaye ni jiya, wanne ne?"

"Gurbin maganin da jiki ba ya so."

"Me ka yi da shi?"

"Kin ce in share shi, na share. Don kada shafukan majiyyata su nuna kuskure, na cike wurin da kalmar Babu. Rahoton baƙi yanzu yana fita lafiya."

Dogo ya daina tauna. Ya sauke ƙafafunsa ƙasa a hankali.

"Na duka asibitocin?" Auta ta tambaya, ko da yake ta san amsar.

"Na duka."

"Me ya sa ba ka sake tambayata ba?"

"An cire mini tambaya ta biyu, bisa umarnin Yallaɓai, don aiki ya riƙa sauri."

Ta tuna ranar. Yallaɓai ya ce ba ya son inji mai tambaya sau biyu kamar sabon direba a mararraba, kowa ya yi dariya, har da ita.

"Tsaya," in ji Dogo. "Kin ce ya share, wato ya share, ko ya *share*?"

"Ya ƙyale nake nufi."

"Shi kuma ya ɗauko tsintsiya." Ya so ya yi dariya, dariyar ta maƙale. Ya shafa fuskarsa da hannu biyu. "Inna lillahi. Shugaba, yanzu haka ana zagayen safe."

"Dogo, ajiyar ko-ta-kwana fa, kwafin bayanan?"

"Tana nan. Amma ba a ɗauko gurbi ɗaya kamar a zaro cokali daga kwando. Sai na sauke rumbun gaba ɗaya a gefe, in tsamo gurbin, in daidaita shi da kowane majiyyaci, don in aka haɗa na wani da na wani, gara Babu ɗin. Wanda ya saba yin wannan yana gida yana kiwon kaji. Ni zan iya, amma kada ki sa rai kafin yamma."

"Shugaba," in ji Na'am, muryarsa a sanyaye kamar kullum, "idan ana gaggawa, zan iya cike gurbin da hasashe daga magungunan da aka taɓa ba kowane majiyyaci. Zai yi kama da na asali, ba wanda zai lura."

Auta ta dubi lasifikar, ƙaramin baƙin akwati mai ɗigon haske, ta ji kamar wani ne ya raɗa mata wannan shawarar a lungu.

"A'a. Kada ka rubuta komai a ciki."

"Na'am."

Hanya ɗaya ta rage kafin yamma, su biyun sun san ta. Manhajar tana da abin da suke kira jan ƙyalle, jan layi mai faɗi da ke fitowa a saman allon kowace kwamfuta a kowane asibiti, ɗauke da gargaɗi, ba ya gushewa sai an sauke shi daga ofis. Ba a taɓa ɗaga shi ba. Doka ta ce sai da izinin Yallaɓai.

Auta ta same shi a ɗakin taro mai bangon gilashi, shi kaɗai, yana gwada jawabinsa ga kujeru. Babban allon bango na nuna manhajar kai tsaye, kamar yadda asibitoci ke ganinta, don haka yake son baƙin su gani. Ta tsaya a bakin ƙofa tana jira ya lura da ita. Ya daɗe bai lura ba.

"Shugaba, shigo. Ya kika ga launin nan?"

"Ranka ya daɗe, akwai matsala."

"Ɗaga murya, ba na jin ki."

Ta ɗaga, kaɗan. Ta faɗa masa komai idonta a kan takalminsa, har da kalmomi ukun da ta furta. Da ta gama ta ɗago. Ba fushi ta gani a fuskarsa ba, tsoro ne, irin nata. Gumi ya tsattsafo a saman leɓensa.

"Wa ya sani?"

"Ni da Dogo."

"To ya tsaya nan." Ya ja kujera ya zauna, ya sassauta ɗaurin wuyansa. "Ki saurare ni. Mutanen nan da za su zo, in suka juya baya, kamfanin nan ba zai ga ƙarshen shekara ba. Ba ni kaɗai ba, ke, Dogo, masu amsa waya, mai shara. Kina so su shigo su tarar da jan ƙyalle yana cewa injinmu mai jin Hausa bai ji Hausa ba?"

"Ranka ya daɗe, allura..."

"Nas-nas ba yara ba ne. Suna tambayar majiyyaci kafin su yi allura, haka aka koya musu."

Auta ta tuna takardar tallarsu da ke manne a bayan ƙofar nan, wadda ke cewa da manhajarsu ba sai an wahalar da majiyyaci da tambayoyi ba.

"Mahaifiyarki tana ɗaya daga cikin asibitocin, ko?"

"Na kira yayata."

"To alhamdu lillahi, kin ga ita ta tsira. Dogo ya ci gaba da gyara a nutse. Baƙi na fita, ki ɗaga ƙyalle, ki ɗaga tuta ma in kina so. Kafin nan dai share maganar."

Bai ma ji abin da ya faɗa ba. Ita ta ji. Ta ce, "To, ranka ya daɗe," domin abin da bakinta ya saba faɗa ke nan, ta fita.

Ta koma teburinta ta zauna. Ta gaya wa kanta ai izini ya hana na ƙyalle ne, bai hana waya ba, sai ta fara kiran asibitoci ɗaya-ɗaya. Na farko layin a cike. Na biyu wani saurayi ya ɗauka a wurin karɓar baƙi, ya ce ba ya jin ta, ta maimaita, ya ce ta aiko a rubuce, manaja zai duba in ya shigo. Na uku aka haɗa ta da ɗakin magani, ɗakin magani suka haɗa ta da mai gyaran kwamfuta, shi kuma ya ce tasu kwamfutar lafiyarta ƙalau. Duk wanda ta kira sai ta tarar tana zagaye maganar, tana cewa "wata 'yar tangarɗa", don Yallaɓai ya ce ta tsaya nan, kuma ba wanda ke barin aikinsa saboda 'yar tangarɗa.

Baƙin suka iso da hantsi, maza biyu da wata mace mai farin tabarau. Yallaɓai ya zagaya da su, ya nuna teburan da ba kowa yana alfahari, ya ce aikin da cikin ɗakin nan ke yi da, yanzu mutum biyu ne da inji. Ya gabatar da Auta a matsayin "shugabarmu mai aiki ba surutu". Matar ta yi mata murmushi. Auta ta gaishe ta.

Suka shige ɗakin gilashi aka rufe ƙofa. Daga nan sai ta riƙa ganinsu kamar kifaye a cikin ruwa, baki na motsi ba sauti. Aka kai musu shayi. Aka yi dariya. Dogo ya duƙufa a kan allonsa, ya manta da biskit, lokaci-lokaci yana tsaki. Rana ta yi tsaka, ta fara karkata. Duk ƙarar waya a sashen masu amsa kira sai Auta ta kasa kunne, ta ji ashe wani ne ya manta lambar sirrinsa.

Wayarta ta yi ƙara. Yaya.

"Ke, Allah ya rufa asiri. Likita ya zo, kin san abin da ya rubuta wa Inna? Ɗan'uwan maganin nan ne, in ji nas. Na ce masa ban da shi, ya ce kwamfuta ta ce babu. Na ce kwamfuta ce ta haife ni ko ita? Sai da Inna ta kwatanta masa yadda ta kumbura sannan ya sauya, yana ta ɓata rai."

Auta ta kifa goshinta a kan tebur. Wani sanyi ya ratsa ta tun daga wuya har ƙafa, ta ji kamar ta yi barci a wurin.

"Kina ji na?"

"Ina ji, Yaya. Na gode."

"Ni dai tsohuwar gadon kusa da mu ce ke ba ni tausayi. Kunnenta ya yi nauyi, duk abin da aka tambaye ta sai ta washe baki ta ce to. 'Yarta sai yamma take zuwa. Ɗazu aka ɗaura mata ruwa da allura a ciki, ni ban san ko mene ne ba. Inna ta ce in tambaye ki, ita ma kwamfutar ta san nata?"

Auta ta ɗago kanta. Ba ta san tsohuwar ba, ba ta san ko jikinta na ƙin wani magani ba, kuma a yau babu wanda zai iya sani ta hanyar duba allo. Ta ga ɗakunan da ba ta taɓa shiga ba, gadaje a jere, waɗanda ke barci, waɗanda aka kawo a sume, jariran da iyayensu suka fita sayo ruwa. Ba kowa ke da 'ya a hawa na biyu saman shagon tayil ba.

"Ki je ki gaya wa nas ta tsayar da ruwan har a kira 'yarta. Ki ce daga kamfanin manhaja ne."

"Za su saurare ni?"

"Yanzu za su saurare ki."

Ta ajiye wayar. Ta cire abin sauraren daga kunnenta, ta jawo madannai, ta buɗe wurin jan ƙyalle. Da yatsunta ta rubuta, ta goge, ta sake rubutawa, tana cire duk kalmar da za a iya yi wa fassara biyu:

*Gargaɗi daga kamfani. Gurbin "Maganin da jiki ba ya so" ba daidai yake ba tun jiya da yamma. Kalmar Babu ƙarya ce. Kada a ba kowa magani sai an tambaye shi ko danginsa. A duba duk wanda aka ba magani yau.*

Dogo ya mirgino da kujerarsa ya karanta ta saman kafaɗarta.

"Ƙarya ce," ya maimaita. "Ba za ki ce kuskure ba?"

"In na ce kuskure za su ce sai manaja ya shigo."

"Kin san bayan wannan ni da ke sai gyaran waya a bakin kasuwa?"

"Ka iya gyaran waya?"

"Ko kaɗan." Ya dubi ɗakin gilashi, ya dube ta. "Danna, Shugaba."

Yatsanta ya tsaya a sama. Ta danna.

Jan layin ya shimfiɗu a saman babban allon ɗakin taro, daidai bayan kan Yallaɓai, wanda ke tsaye yana bayani da hannu biyu. Bai gani ba. Matar mai farin tabarau ce ta fara gani, ta gyara zaman tabaraun tana karantawa, sannan mazan biyu. Yallaɓai ya bi idanunsu ya juya. Ya daɗe bayansa na kallon ofis. Da ya waiwayo, ta cikin gilashi ya nemo Auta. Ta sunkuyar da kai kamar yadda ta saba, amma hannunta ta ɗora a kan madannan ta rufe su, kamar mai tsoron wani zai zo ya ƙwace.

Kafin a ce me, wayoyin ofis suka ɗauka gaba ɗaya. Masu amsa kira suka rasa ta cewa, suka riƙa turo mata. Ta amsa na farko, na biyu, na biyar, tana faɗin magana ɗaya, har ta daina jin nauyinta. Wani likita ya zage ta tas, ta ce ya yi gaskiya. Wani mai ɗakin magani ya yi godiya, wannan ya fi zagin ciwo.

Sai wata murya ta mace, babba, marar gaggawa. Ta ce ita ce babbar nas ta wani ƙaramin asibiti a bayan tasha.

"Da wa nake magana?"

"Shugabar sashen manhaja."

"Ɗaga murya, 'yata, ina cikin hayaniya."

"Shugabar sashen manhaja ce. Ni na ɗaga gargaɗin."

"To. Muna da wani bawan Allah, direban babbar mota, ya zo da rauni a hannu. Yarinyata, ƙaramar nas, ta duba allo ta ga babu, ta yi masa allura wajen azahar. Wuyansa ya kumbura. Mun sa masa iska, likita na kansa."

Auta ta riƙe gefen tebur.

"Zai tashi?"

"Wannan na Allah ne. Yarinyar tana can tana kuka, tana ce ita ta kashe shi. Ba don wannan na kira ba. Tambaya ɗaya gare ni: yaushe kuka sani?"

Dogo ya girgiza mata kai a hankali. Ta kawar da ido daga gare shi.

"Da safe."

Tana jin ƙarar keken majiyyata na wucewa a can, da wani yaro na kiran uwarsa.

"Da safe," in ji babbar nas, ta kashe wayar.

Baƙin suka fita ba su biyo ta ofis ba. Yallaɓai ya raka su ƙasa bai dawo ba, sai saƙonsa ya shigo, gajere: ta same shi gobe da safe. Ta karanta ta kifa wayar. Abin mamaki, bai tsorata ta kamar yadda ta zata ba. Tsoron duk ya tattara ya tafi bayan tasha, ya tsaya a bakin gadon mutumin da ba ta san fuskarsa ba.

Rana ta yi sanyi, hasken taga ya koma ruwan goro a kan teburan da ba kowa. Masu shagon tayil na jan ƙofarsu ta ƙarfe a ƙasa lokacin da Dogo ya miƙe, ƙashin bayansa ya yi ƙara.

"Duba, Shugaba."

Ta buɗe shafi ɗaya, sannan wani. Gurbin ya dawo da duk tarkacensa. Wani an rubuta da manyan baƙaƙe, wani da Turanci rabi da Hausa rabi, wani an ce "yana sa ta borin jini, mijinta ya faɗa", wani kalma ɗaya da alamar motsin rai har uku. Hannun nas-nas ne a gajiye, a tsaye, tsakanin gado da gado. Ta buɗe na Inna. *Fenisilin. Kar a kuskura, 'yarta ta ja kunne.*

Wayarta ta yi motsi. Baƙuwar lamba, ba sallama, ba gaisuwa: *Yana numfashi da kansa.*

Ta karanta sau da yawa. Ta nuna wa Dogo, ya zauna a ƙasa daɓas, ya jingina da ƙafar tebur, ya laluba aljihunsa ya miƙo mata ragowar biskit. Sai a lokacin ta tuna ba ta karya ba. Ta karɓa, ta riƙe, ba ta ci ba.

Ɗigon hasken lasifikar ya kama.

"Shugaba, gurbin nan marar tsari ya dawo cikin rumbun bayanai, kuma ya sake kawo cikas ga rahoto. Me za a yi da shi?"

A gajiye take, ta buɗe baki, ta ji kalmomin jiya sun riga sun hau kan harshenta, don harshe bai san an yi wani abu ba. Ta datse leɓunanta. Ta jawo madannai ta rubuta harafi bayan harafi: *Kada ka taɓa shi. Kada ka goge, kada ka gyara, kada ka cike. Ka bar shi yadda yake.*

"Na'am. An gama."

Ta koma shafin Inna da sauri. Fenisilin na nan. Ta rufe, ta ɗauki jakarta, ta kai bakin ƙofa, sannan ta ciro waya ta sake buɗewa.